Ɗan Ruwa Biyu: Ina Ne Garinsu?

Duk wanda ya yi ƙuruciya ko samartaka a cikin garin Jos a shekarun 1970 da 1980, ba sai an kwatanta masa siliman Kwararafa ba. Da rana ta faɗi sai a ga jama'a sun yi cincirindo a bakin ƙofa, leburori da 'yan tireda da direbobi, har da 'yan makarantar da suka sulale daga gida, kowa ya damƙe kuɗin shigarsa a hannu. A wancan zamani fim ɗin Indiya shi ne sarki. Galibin 'yan kallo ba su jin harshen da ake magana da shi, amma labari ba ya ɓace wa kowa, domin zubin kusan ɗaya ne kullum. Ga yarinyar kirki mai kunya, ta lulluɓe kanta, ita ce jarumi zai aura. Sa'an nan ga wata mace dabam, mai gajeren siket da gashi irin na Turawa, taba a hannu, tana rawa a gidan giya a gaban bos da yaransa. Sunanta na Turawa ne, ko Rita, ko Monika, ko Lili. Ita wannan ba a aurenta. In ma ta yi sa'a ta tuba, to, harsashin da aka auna jarumi da shi ne zai same ta, ta mutu kafin a tashi.

Wadda ta fi kowa fitowa a wannan matsayi ita ce Helen, kuma masu kallon finafinan Indiya a Arewa sun san fuskarta ko da ba su riƙe sunanta ba, don ita ce ta yi rawar nan a sansanin 'yan fashi cikin fim ɗin Sholay na 1975. An haife ta a Rangun ta ƙasar Bama a 1938. Uwarta 'yar Bama ce, ubanta kuwa daga wata al'umma yake wadda ake kira Angulo-Indiya, watau jikokin Turawa da matan Indiya. Da sojojin Japan suka mamaye Bama, ƙasar nan da sojojin Nijeriya suka je suka yi yaƙi daga baya, sai uwar ta kwashe 'ya'yanta suka taka da ƙafa zuwa Indiya. Abin da 'yan kallon Kwararafa ba su lura da shi ba shi ne, wannan 'yar rawa da ake tafa wa, sa'an nan a ce Allah wadai da halinta, hoto ce ta yadda Indiyawa da yawa suka ɗauki al'umma sukutum.

Tarihin mutanen nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin akwai abin dubawa a ciki. Sa'ad da kamfanin ciniki na Ingila ya kafa sansanoninsa a Indiya, matan Turawa ba su da yawa a can, sai shugabannin kamfanin suka ga dabara ce sojojinsu su auri 'yan ƙasa. A 1687 har umurni suka aika Madras cewa a ba da tukuicin tsabar zinariya ga uwar duk jaririn da aka haifa ta irin wannan aure. Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka, da 'ya'yan suka yi yawa har aka fara jin tsoronsu, sai kamfanin ya juya musu baya. A 1791 aka hana ɗan da ke da jinin Indiya shiga manyan ayyukan kamfanin. Da aka shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa aka sake tunawa da su, aka cika tashoshi da su, da gidan waya da kwastan, don an san ba su da wurin zuwa in ba wurin mai mulki ba. Suna jin Turanci tun daga nono, Kirista ne, suna sa kwat da siket, suna kiran Ingila gida alhali yawancinsu ba su taɓa ganinta ba. Bature bai yarda su shiga kulob ɗinsa ba. Ba'indiye mai tsarin jinsi-jinsi kuma bai san ajin da zai sa su ba, yana kuma yi musu kallon 'yan koren mai mulki. Sun zama jemage, ba su cikin tsuntsaye, ba su cikin dabbobi.

Yadda abin ya ci wa waɗansunsu rai ana iya ganinsa ga Merle Oberon, shahararriyar 'yar wasa ta Ingila da Amurka. A Bombai aka haife ta a 1911, amma ta shafe rayuwarta tana cewa a tsibirin Tasmaniya ta ƙasar Ostareliya aka haife ta, matar da ta rene ta kuwa, mai duhun fata, sai ta riƙa nuna ta ga baƙi a matsayin 'yar aikin gida. Sai bayan rasuwarta a 1979 gaskiyar ta bazu.

Da Indiya ta sami mulkin kai a 1947, dubbai daga cikinsu suka yi ƙaura zuwa Ingila da Ostareliya da Kanada. Shugabansu, wani lauya mai suna Frank Anthony, ya tsaya kai da fata cewa su Indiyawa ne, a Indiya za su zauna, ya kuma samo musu abin da ƙananan al'ummu kaɗan ne suka samu. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya ambace su da suna a sashe na 366, ya ware musu kujeru 2 na naɗi a majalisar wakilai ta ƙasa. Sai dai a lura da ma'anar da aka bayar: Ba'angulo-Indiye shi ne wanda jinin Turai ya zo masa ta wajen uba, ko kakan uba. Wanda uwarsa ce Baturiya ba ya ciki. Kujerun nan sun rayu shekara 70, har aka soke su a watan Janairu na 2020, bayan ministan shari'a ya shaida wa majalisa cewa ƙidayar 2011 ta sami mutum 296 kacal na wannan al'umma a duk faɗin Indiya. Ƙungiyoyinsu suka yi ca, suka ce yawansu ya kai dubbai masu yawa, takardar ƙidayar ce ba ta da gurbin da za su rubuta ko su wane ne.

To, mai kallon da ke zaune a kan benci a Kwararafa ba ya bukatar zuwa Kalkata kafin ya ga irin wannan labari. Yana nan bayan gari, 'yan mil kaɗan, a barikokin kuza.

Tun 1903 da injiniya Laws na kamfanin Neja ya hau tsaunukan Filato neman inda kuza ke fitowa, wuraren nan ba su sake zama kamar da ba.  Cikin 'yan shekaru kamfanoni suka yi ta kwararowa, ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, babban layi ya iso ta Kafanchan a 1927, aka kafa kamfanin lantarki na NESCO a 1929 don injunan haƙa. Barikoki suka tsiro kamar ciyawar damina: Naraguta, Rayfield, Bukuru, Bisichi, Barikin Ladi, Dorowa, Gana Ropp, da unguwar nan ta Anglo-Jos wadda sunanta kaɗai ya isa shaida. Leburori suka zo daga Kano da Zariya da Bauci da Borno da ƙasar Faransa, masu ilmin boko da masu sana'a suka zo daga Kudu da Gwalkwas da Saliyo, Kwarori suka buɗe kantuna. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya, aka yi diban gwamna daga 1942 zuwa 1944, aka koro dubban talakawa aikin tilas, da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. Jos ta zama ɗaya daga cikin garuruwan da suka fi yawan Turawa a Nijeriya, kuma a shekarun farko yawancin Turawan nan gwagware ne, ko masu matan da aka baro a Ingila.

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani. A 1909 sakataren ƙasashen mallaka na Ingila, Lord Crewe, ya aika da takardar gargaɗi ga ma'aikatan mulki cewa duk wanda aka samu ya ajiye 'yar ƙasa a gida, to, ya kuka da kansa wajen ƙarin girma. Ba a yin doka a kan abin da ba ya faruwa. Kuma wannan gargaɗi ma'aikatan gwamnati ya shafa, bai hau kan Baturen kuza da ke zaune shi kaɗai a bariki ba. An kuma yi dokar barin fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don sauro. Filin ya raba gidaje da rana, amma bai hana a haifi 'ya'ya ba.

Waɗansu iyayen sun yi abin kirki, sun ɗaura aure, sun sa 'ya'yansu makaranta, har akwai waɗanda suka tsufa a nan aka binne su a nan. Amma da yawa, da wa'adin aikinsu ya cika sai suka hau jirgi, suka bar wa uwa ɗan abin da suka bari, shi ke nan. Dokar Ingila ma ta taya su rufe ƙofa, domin ɗan da aka haifa ba ta hanyar auren da Ingila ta sani ba, ba ya gadon zama ɗan ƙasa daga ubansa. Wannan doka ba a gyara ta ba sai a 2006, waɗanda aka haifa kafin nan kuwa sai a 2015 aka buɗe musu hanyar yin rajista, lokacin da 'ya'yan barikin kuza suka riga suka yi furfura, waɗanda ke da sauran kwana ke nan.

A nan ne hanyar Filato ta rabu da ta Indiya, ta kuma rabu da ta maƙwabta. Faransawa sun gina gidajen reno na musamman don irin waɗannan yara a ƙasashen da suka mallaka, har da Damagaram, suna raba su da uwayensu don a yi musu tarbiyyar Faransa. Beljiyam ta yi abin da ya fi haka muni a Kwango da Ruwanda da Burundi, inda aka riƙa ƙwace yaran da ƙarfi. Sai a 2019 firayim ministanta ya nemi gafara, a watan Disamba na 2024 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Brussels ta yanke cewa abin da aka yi wa waɗansu mata 5 laifi ne na cin zarafin ɗan'adam. A Nijeriya ta Arewa gwamnatin Ingila ba ta kafa irin wannan tsari ba. Ba don tausayi ba ne, kau da kai ta yi kamar ba ta gani ba. Waɗansu yaran 'yan mishan suka ɗauka, amma galibi gidan uwa ne ya rungume su. Yaro ya tashi a ɗakin kakarsa, ya ci tuwon acca ko na dawa, ya ji Birom ko Hausa ko Fulatanci, kawunsa ya zama ubansa. Shi ya sa ba a sami wata ƙabila mai suna Angulo-Filato ba, ba ƙungiya, ba kujera a majalisa. Jikokinsu sun narke cikin jama'a, sai dai hasken fata ko laushin gashi ya tuna wa mutane.

Wannan abin yabo ne ga uwayen nan da danginsu, ba kuwa a cika yaba musu ba. Amma kada mai karatu ya yi saurin buga ƙirji, domin rungumar ba ta zo ba tare da tsangwama ba. Harshe shi ne shaida. Mai ladabi yakan ce ɗan ruwa biyu. Wanda bai damu ba yakan ce barbarar yanyawa, kalmar da aka aro daga sha'anin dabbobi aka liƙa wa ɗan'adam, kuma har yau ana jin ta a bakin mutanen da ke ganin kansu masu tarbiyya ne. Abin mamaki, al'ummar da ke faɗin haka ita ce mai son farar fata har 'yan matanta na ƙone fuskokinsu da man bilicin. A ga yarinya 'yar ruwa biyu a biki, kowa na ƙyasawa. Ranar da wani ɗan gida ya ce ita yake so da aure, sai tsofaffi su gyara zama su ce a bincika asali. Wane ne kakanta? An ɗaura aure kuwa? In amsar ba ta gamsar ba, sai laifin da manya suka yi shekara 70 da suka wuce ya faɗo a kan yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ashe tafin da aka yi wa Helen da hana ta auren jarumi ba a Bombai kaɗai ake yinsu ba.

Ga shi kuwa Bahaushe shi ne bai kamata ya yi wannan fahariya ba, in dai ya yarda da labarin da yake ba 'ya'yansa. Bayajida baƙo ne daga Bagadaza, ya auri sarauniyar Daura, suka haifi Bawo. Bisa ga wannan labari, kakan sarakunan Hausa ɗan ruwa biyu ne. Labarin ya ci gaba da cewa kuyangar da sarauniya ta ba shi ita ma ta haifi ɗa, Karɓagari, wanda aka jingina wa ƙasashe bakwai da aka yi wa laƙabin banza, cikinsu har da Kwararafa, daular nan da mayaƙanta suka sha girgiza Kano a ƙarni na 17, wadda unguwar Jos ta ci sunanta. Masana tarihi ba su ɗauki labarin a kan abin da ya faru daki-daki ba, amma ya nuna tun yaushe ake auna 'ya'yan mutum ɗaya da mudu biyu saboda uwayensu. Shari'ar Musulunci kuwa ba ta yi wannan bambanci ba: ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, rabonsa na gado daidai da na ɗan matar aure, kuma sarakuna da yawa a ƙasar Hausa ta wannan ɗaki suka fito. Haka nan zuriyar Larabawan Gadamus da Tarabulus da suka zauna a birnin Kano, yau ba mai ce musu baƙi.

Akwai ma wata hikima a cikin harshen wadda ba a cika kula da ita ba. In Bahaushe zai ambaci ƙauna da zumunci, sai ya ce 'yan'uwa, 'yan'uwantaka, watau 'ya'yan uwa. In zai ambaci gaba da hassada da ƙyashi, sai ya ce 'yan'ubanci. Harshe ya san inda zuciya take. Amma da an zo maganar asali, sai a share uwa kamar ba ita ta yi naƙuda ba, a ce kyan ɗa ya gaji ubansa.

Wannan sharewa ita ce ta zama babbar masifa a Jos, kuma ba jikokin Turawa ta fi shafa ba, don su ƙalilan ne. Ruwa biyun da ya fi yawa a Filato na baƙi da baƙi ne. Shekara ɗari na zaman bariki da kasuwa da tashar mota sun haɗa aure tsakanin Bahaushe da 'yar Birom, Bafulatani da 'yar Afizere, Bayarabe da 'yar Angas, Ibo da 'yar Anaguta, Babarbare da 'yar Bendel ta da. A da gida ɗaya yakan yi Salla ya yi Kirsimati, a kai wa kaka tuwo a ƙauye, a kawo wa jika dankali. Ba wanda ya ƙirga irin waɗannan gidaje, amma duk wanda ya san Jos ya san ba kaɗan ba ne.

Sai ga takardar asali, wadda ake kira indijin. Ƙaramar hukuma ce ke ba da ita, kuma in ba ita yaro ba ya samun gurbin jiharsa a makarantar gwamnatin tarayya, ko tallafin karatu, ko shiga soja da ɗan sanda, ko aikin gwamnati. A Jos, kwamitocin binciken da gwamnatin jiha ta kafa bayan rikice-rikice, da taron zaman lafiya na 2004, sun tsaya a kan cewa Birom da Anaguta da Afizere su ne 'yan asalin wurin. Hausawan Jos, waɗanda ke kiran kansu Jasawa, ba su yarda ba, suna cewa kakanninsu ne suka raya garin, har suna da sarakunansu kafin a naɗa Rwang Pam a 1947. Wannan gardama ta manya ce, kowane ɓangare da hujjojinsa da tsoronsa, ba kuma a wannan fili za a raba ta ba. Wanda ake magana a kansa shi ne yaron da gardamar ta ratsa ta tsakiyar jikinsa.

A ɗauki misalin saurayi haifaffen Kwararafa, uwarsa 'yar Birom, ubansa Bahaushe wanda kakansa ya zo aikin kuza tun zamanin diban gwamna. Ya je neman takarda a inda aka haife shi, sai a dubi sunansa a ce ya tafi garin ubansa. Ya tattara kuɗin mota ya nufi wani ƙauye a ƙasar Kano ko Katsina wanda bai taɓa gani ba, dagaci ya dube shi ya ce bai san gidansu ba, wa zai tsaya masa? Ya dawo hannu rabbana, ko kuwa ya sayi takardar ƙarya, ya fara rayuwarsa ta aiki da rantsuwa a kan abin da ba haka yake ba. Kada kuma mutumin Kano ko Sakkwato ya karanta wannan ya ce halin mutanen Filato ne. Yaron da aka haifa a Fagge ko Sabon Gari, uwarsa Bakanuwa, ubansa Ibo ko Bayarabe ko Igala, shi ma yakan sha irin wannan tambaya a ofis, in kuwa uwar ce ta musulunta aka aure ta, to, akwai ranar da abokin faɗa zai ce masa ɗan tubabbiya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Abin takaici shi ne doka ba haka ta ce ba. Tsarin mulkin 1999, kamar na 1979 da ya gabace shi, ya bayyana a sashe na 318 cewa mutum ɗan jiha ne in ɗaya daga cikin iyayensa, ko ɗaya daga cikin kakanninsa, ya fito daga wata al'umma ta asalin jihar. Ɗaya daga cikin iyaye aka ce, ba uba ba. Sashe na 25 ya bi wannan hanya wajen zama ɗan Nijeriya, sashe na 42 kuma ya hana a tauye wa mutum haƙƙi saboda ƙabilarsa ko addininsa ko yanayin haihuwarsa. A nan tsarin mulkin Nijeriya ya fi na Indiya adalci, don bai ce sai ta wajen namiji ba. An ma taɓa gwada wannan magana a kotu. A watan Janairu na 1980 gwamnatin tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin jihar Borno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, ta tsallakar da shi Cadi, wai ubansa daga can yake. Babbar kotun Maiduguri ta ce uwarsa 'yar Nijeriya ce, saboda haka shi ɗan ƙasa ne, ba mai ikon korarsa. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara ba ta yi nasara ba. Shekara 40 da ɗoriya ke nan da kotu ta ce jinin uwa ya isa, amma labarin bai kai teburin akawun ƙaramar hukuma ba.

Da a takarda abin ya tsaya da da sauƙi. Tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, tambayar wane ne mai gari ta riƙa jawo jini: Afrilun 1994, Satumban 2001, Nuwamban 2008, Janairun 2010. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 1,000 ne suka mutu a rikicin 2001 kaɗai. Bayan kowane tashin hankali gari ya ƙara rabuwa, Musulmi suka tattaru a unguwanninsu, Kirista a nasu, har aka sami wuraren da mutum ba ya shiga in sunansa bai dace ba. Wanda iyayensa duka ɓangare ɗaya suke ya san inda zai gudu. Ɗan ruwa biyu fa? In ya nufi dangin uwa, sunansa ya tona shi, in ya tsaya cikin dangin uba, a riƙa yi masa kallon mai kai rahoto. Akwai kakannin da suka daina ganin jikokinsu alhali tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai ta rabin sa'a ba. Mutanen da ya kamata a ce su ne gada, don suna jin harsunan biyu sun kuma san makabartun biyu, su aka fara mayarwa abin zargi.

Amma fa ranar da ɗan ruwa biyu ya yi abin alfahari, ba mai tambayar takardarsa. Ahmed Musa haifaffen Jos ne na 1992, ubansa mutumin Borno, uwarsa daga jihar Edo. Da ya zura wa Ajantina ƙwallo 2 a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya sake zura wa Iceland 2 a ta 2018, Jos ta ce nata ne, Kano ta ce nata ne don ya buga wa Pillars, Borno da Edo ma ba su yi shiru ba. William Troost-Ekong, wanda uwarsa 'yar Holan ce, shi aka zaɓa gwarzon gasar kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024, ba a kuwa ji wanda ya kira shi da sunan dabba ba. Maƙwabta ma haka: Jerry Rawlings, ɗan Baturen Sikotilan da 'yar ƙabilar Ewe, ya mulki Gana kusan shekara 20. In da ruwa biyu aibi ne, da a filin ƙwallo ma ya nuna.

Gyaran bai fi ƙarfin hukuma ba. Ba sai an jira sabon tsarin mulki ba kafin gwamnan jiha ya umurci ƙananan hukumominsa su karɓi shaidar dangin uwa kamar yadda suke karɓar ta dangin uba, da sharaɗin mutum ya zaɓi wuri ɗaya ya tsaya a kansa, kada ya ci nan ya ci can. Masu tsoron za a mamaye su, a Filato ko a wani wuri, tsoronsu ba na banza ba ne, ƙananan ƙabilu sun ga abin da ya sami waɗansu. Sai dai ɗan 'yarsu ba mamaya ya zo yi ba, a bayan 'yarsu aka goya shi. Babbar maganar kuwa, ta mutumin da aka haifa a wuri ya kuma tsufa a wurin, tana gaban majalisar tarayya tun ba yau ba. A 2025 mataimakin shugaban majalisar wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba mutum matsayin ɗan jiha ta hanyar haihuwa, ko aure, ko zaman shekara 10. Aka yi masa ca daga sassa dabam-dabam na ƙasar nan, kafin shekarar ta ƙare ya janye shi.